Lensi Ɗaya ga Kyamarar Fim da ta Dijital: Ta Ina Ake Fara Zaɓe?

Tun da matasa suka sake waiwayar ɗaukar hoto da fim, wata tambaya ta yawaita a bakin masu kyamara. Mutum yana da ta dijital wadda yake zuwa biki da suna da ita, ga kuma ta fim da ya gada a gida ko ya saya ta hannu, kuɗin aljihunsa kuwa na lensi ɗaya ne. Zum yake so, wato lensin da ake murzawa ya zuƙo nesa kusa ko ya buɗe ya kwashe fili, wanda zai kwana a jaka ya yi aiki a kan duka biyun. Yawancin masu wannan tambaya idonsu na kan wanda ya fi nisan zango. A ganina wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Kyamarar fim ya kamata a fara tuntuɓa, domin ita ce mai tsauraran sharuɗɗa. Lensin da ta amince da shi, matuƙar bakinsu ɗaya, wato inda ake ɗaura lensi, da wuya ta dijital ta ƙi shi. Wanda ta dijital ta amince da shi kuwa, sau da yawa ta fim ba za ta ko yarda a ɗaura mata shi ba.

Bari mu fara da lambobin da ke jikin lensi, tunda a kansu ake ciniki. Idan an rubuta 24-105mm, ƙaramar lambar tana nuna iyakar buɗewarsa, babbar kuma iyakar zuƙowarsa. Amma lambobin ba su da ma'ana sai an san girman abin da hasken ke sauka a kai. A fim ɗin da aka fi sani, mai milimita 35, kowane hoto faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, ma'aunin da kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun 1925. A kan wannan ma'auni, 50mm yana kusa da yadda ido ya saba ganin abubuwa. Lensi mai 24mm yana kwashe kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 28mm kusan 75, mai 105mm kuwa ya tsuke zuwa wajen 23.

A takarda, tsakanin 24 da 28 milimita huɗu ne kacal. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya jingina bayansa da bango, ga dangi sun jeru a bakin gado, ya san darajar waɗannan huɗun. Su ne ke raba hoton da gwaggo ta fito cikakkiya da wanda aka yanke mata kafaɗa. A waje kana iya matsawa kusa da abin da ke nesa, amma a cikin ɗaki bango ba ya matsa maka. Can ɓangaren zuƙowa kuma, abin da ake nema kullum shi ne tsakanin 70 da 105, inda za ka ja baya kaɗan ka ɗauki fuska ba tare da hanci ya kumbura ba, bayan mutum kuma ya yi laushi. Daga 105 zuwa 135 bambancin bai kai a sa shi cikin lissafi ba.

To, a nan ne gizo ke fara saƙa. Kyamarorin dijital ba duka ne sensarsu, wato abin da haske ke sauka a kai a madadin fim, ta kai girman fim ba. Irin su Canon 5D da 6D, ko Nikon D700 da D750, nasu cikakken faɗi ne, daidai da fim, don haka lensi yana ganin abu ɗaya a kansu da kan ta fim. Amma waɗanda suka fi yawa a hannun mutane, su Canon 600D da 80D, su Nikon D3200 da D7000, sensarsu ƙarama ce, wadda ake kira APS-C. Tsakiyar abin da lensi ya kawo kawai take ɗauka, ta bar gefe. Lissafinsa: a ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. Wato 24-105 ɗin nan da ya wadatar a kan fim, idan ya hau 600D ya koma kamar 38 zuwa 168. Faɗin nan da muka gama yabo ya tafi ke nan. Mai 28mm a kan D7000 kuwa ya zama 42, wanda ba wanda zai kira shi mai faɗi.

Saboda haka ne kamfanoni suka ƙera lensi na musamman ga ƙananan sensa, irin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara a kwali. A kan ƙaramar sensa yana ba da abin da ya yi daidai da 27 ko 29 zuwa tamanin da ɗoriya, kuma yana da sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Sai dai da'irar hasken da yake jefawa ƙarama ce, ba ta rufe fim. A Nikon, lensin da aka rubuta wa DX zai shiga bakin kyamarar fim lafiya lau, sai an wanko hoto a tarar da kusurwoyi huɗu sun yi baƙi kamar an leƙa ta cikin bututu. Canon ma toshe hanyar ya yi gaba ɗaya: lensin EF-S, da ya fara fitowa a 2003, bayansa ya kutsa ciki fiye da na EF, lensin Canon mai rufe fim, kuma an yi shi yadda ba zai ɗauru a kyamarar fim ba, don kada madubin da ke cikin kyamara ya buge shi. Alamarsa farin murabba'i ne a gindi, na EF kuwa jan ɗigo. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne lensin Sigma da Tamron, domin nasu na ƙaramar sensa yana shiga bakin EF ba gardama. Sai a karanta jikinsa: Sigma DC da Tamron Di II na ƙaramar sensa ne, Sigma DG da Tamron Di su ne ke rufe fim.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce: wanda ta dijital ɗinsa APS-C ce, babu zum ɗaya da zai ba shi zango iri ɗaya a kan duka biyun. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya fi kusa da sulhu shi ne irin Canon EF 17-40mm f/4L na 2003, wanda a kan ƙaramar sensa yake zama kamar 27 zuwa 64, zum na yau da kullum sosai, a kan fim kuma ya zama mai faɗi ƙwarai, ya dace da gine-gine da kasuwa da taro, amma ba na fuska ba. Ni da zan ba irin wannan mutum shawara, zan ce ya riƙe 18-55 ɗinsa a dijital, ya saya wa ta fim 50mm f/1.8 mai araha, ya tara sauran kuɗin har ya samu tsohuwar 5D ko D700. Daga ranar ne maganar lensi ɗaya za ta zama gaskiya a wurinsa.

Sai batun baki, inda lensi da kyamara ke haɗuwa. Nan ne sunan kamfani yake yaudarar mutane.

A 1987 Canon ya yi abin da ya fusata masu kayansa na lokacin: ya watsar da tsohon bakinsa na FD, ya fito da sabo mai suna EF tare da kyamarar EOS 650. Babu sanda ko ƙugiya tsakanin lensi da kyamara, komai ta lantarki ake yi, injin fokas ma a cikin lensi yake. Wannan yanke shawara ita ce ta zama alheri ga mai tambayarmu, domin lensin EF na Canon yana aiki a kan kyamarar EOS ta fim ta shekarun 1990 kamar yadda yake aiki a kan 5D. Sai dai kyamarar fim ɗin dole ta kasance EOS. Shahararriyar AE-1 ta 1976, wadda matasa ke rububi saboda kyan surarta, bakinta FD ne, lensin EF ba ya hawanta ko kaɗan, duk da sunan Canon a goshinta. Akwai kuma wasu tsofaffin lensin Sigma masu bakin EF da aka yi a zamanin fim, waɗanda ke aiki a tsohuwar kyamara amma su sa ta dijital ta nuna saƙon kuskure da zarar an rage ƙofar haske. Irin wannan sai an gwada a kan duka biyun kafin a biya.

Nikon akasin haka ya yi. Ya riƙe bakinsa na F tun 1959, abin da ke sa mutum ya ɗauka kowane lensi zai yi da kowace kyamara. Shiga kam zai shiga, aiki ne sai an bincika. Lensin da ke da harafin G ba shi da zoben da ake murzawa a daidaita ƙofar haske, kyamara ce ke yi masa. A kan F100 ko F5 ko F80 babu matsala. A kan FM2 ta 1982 kuwa, wadda komai nata da hannu ake yi, ba ka da hanyar juya ƙofar, za ta tsuke zuwa mafi ƙanƙantarta duk lokacin da ka danna. Masu harafin E, da ake sarrafa ƙofarsu ta lantarki, kyamarorin fim ba su san yarensu ba. Masu AF-P kuma fokas ɗinsu ba ya motsi a kan kyamarar fim. Idan ka juya ta ɗaya ɓangaren, tsofaffin AF-D masu zobe, waɗanda FM2 ke maraba da su, suna dogara ne da injin da ke cikin kyamara don yin fokas da kansu, kuma jerin D3000 da D5000 ba su da wannan injin. D7000 da D700 da D750 suna da shi. Don haka mai Nikon sai ya rubuta sunan kyamarorinsa biyu a takarda, ya bi haruffan da ke jikin lensi ɗaya bayan ɗaya.

Kyamarori marasa madubi a ciki, wato Sony A7 da ta fito a 2013, da Canon RF da Nikon Z na 2018, maganarsu gajera ce. Lensinsu yana zama daf da sensa, milimita 20 a RF, 16 a Z, alhali EF yana buƙatar 44, bakin F kuma 46.5. Adafta tana iya cike tazara, ba ta iya rage ta. Tsohon lensi zai hau sabuwar kyamara, sabon lensi ba zai taɓa yin aiki a kan tsohuwa ba. Mai son lensi ɗaya sai ya sayi na EF ko na F ya haɗa da adafta, tare da sanin cewa adaftar FTZ ta Nikon ba ta juya fokas ɗin AF-D, sai da hannu.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi, wato haske, domin a nan ne fim ke nuna halinsa. Lambar da ke bayan harafin f tana faɗin girman ƙofar da haske ke bi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi. Zum mai araha za ka ga an rubuta masa f/3.5-5.6, ma'ana yana ƙara duhu yayin da kake zuƙowa. Mai dijital bai cika jin zafin wannan ba, domin idan magariba ta kawo jiki sai ya ɗaga ISO, wato ma'aunin saurin kama haske, zuwa 3200 ya ci gaba da aiki. Mai fim ba shi da wannan gata. Idan fim ɗin Kodak Gold mai ISO 200 ya saka da safe, da 200 ɗin zai wuni har hoto na talatin da shida. Tsakanin 200 da 3200 ninki goma sha shida ne na haske, kuma babu inda zai samo ko kaɗan daga ciki sai a ƙofar lensi, ko a filasha, ko a tsawaita ƙiftawa, wato lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga.

Mu ɗauki falon da f/2.8 ke ba ka ƙiftawar ɗaya bisa sittin na daƙiƙa. A wannan falon f/4 zai ba ka ɗaya bisa talatin, f/5.6 kuma ɗaya bisa goma sha biyar. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce kada ƙiftawa ta gaza lambar lensi, wato a 100mm kana buƙatar ɗaya bisa ɗari kafin rawar hannu ta ɓuya. Ka ga ke nan mai f/5.6 ya yi nisa da tudun tsira. Na'urar hana rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR, tana taimakawa ƙwarai, kuma abin daɗi shi ne a cikin lensi take, don haka kyamarar fim ma tana cin moriyarta: EOS na fim suna amfana, haka F100 da F80 da F5, amma ban da FM2 da F4. Canon ya fara saka ta a lensin 75-300mm a 1995, zamanin da fim ke mulki. Sai dai hannunka kawai take riƙewa. Yaron da ke tsalle ko amaryar da ta juya kai, dishi-dishi za su fito komai ƙarfin na'urar. Wannan ne ya sa nake fifita zum mai ƙofa tsayayya, f/4 ko f/2.8 daga farko har ƙarshe. Bayan yawan haske, yana ba mai aiki da hannu natsuwa: ka auna sau ɗaya, ka zuƙo, lissafinka bai canza ba.

Me zai hana a sayi 28-300 a huta? Kwaɗayin tsoho ne. Zum na farko ga kyamarar hoto mai fim 35 shi ne Zoomar 36-82mm f/2.8 da Voigtländer ya fitar a 1959, ninki biyu da 'yan kai kacal. Nikon ya biyo da 43-86mm a 1963, wanda ya samu kasuwa amma rashin kaifinsa ya daɗe yana ɓata wa zum suna a wurin ƙwararru. A 1992 Tamron ya fito da 28-200mm ƙarami mai shiga jaka, daga nan tseren zango ya ɓarke, har aka kai 18-400mm a 2017. Fasaha ta ci gaba sosai, amma dokar gilashi tana nan: duk zangon da aka ƙara, da wani abu aka biya shi. Ana biya da haske, domin ƙarshensu f/5.6 ne ko f/6.3. Ana biya da kaifi a can ƙarshen zuƙowa, daidai inda aka saye shi dominsa. Ana biya da lanƙwasar layi, bango ya yi ciki kamar tulu a ɓangaren faɗi, ya lotsa a ɓangaren nesa. Ninki uku zuwa huɗu da ɗoriya, kamar 24-70 ko 24-105, nan ne masu ƙira suke iya riƙe komai da kyau. Mahayin da ke can nesa a Hawan Daushe yana buƙatar 200 ko 300, gaskiya ne, amma wannan aikin ranakun Sallah ne. Ba a ɗaukar duhun shekara guda saboda su, aro ko haya sun wadatar.

Lanƙwasar nan tana da wata fuska da ta shafi mai fim kai tsaye. Kyamarar dijital ta zamani tana gane lensin da ke kanta, ta miƙe layin da ya karkace, ta haskaka kusurwar da ta yi duhu, tun kafin ka ga hoton. Fim ba ya gyara komai, abin da gilashi ya kawo shi yake riƙewa. Wanda ke sikanin nagatif ɗinsa zai iya gyarawa a kwamfuta, amma da hannu, hoto bayan hoto, tunda fim ba ya rubuta a kan milimita nawa aka ɗauka. Ta dijital ita ma tana da nata tonon asirin: tsohon zum da ya yi kyau a kan 5D ta 2005 mai megafiksel 12.8, idan ya hau kyamara mai sama da 45, duk laushin gefensa zai bayyana ga mai zuƙo hoto a allo. Wannan bai cika damuna ba. Hoton da za a buga a saka a albam ko a tura ta waya ba ya kaiwa inda wannan aibin yake.

Ga mai EOS ta fim da dijital mai cikakken faɗi, zaɓina EF 24-105mm f/4L IS ne, wanda ya fito a 2005 tare da 5D. Nauyinsa giram 670, yana da hana rawa, yana farawa daga 24, yana kaiwa inda fuska ke kyau, kuma ya yi yawa a kasuwar kayan hannu. Yana lanƙwasa layi a 24mm, wannan sananne ne, amma da an zuƙo kaɗan abin ya lafa. Mai aikin dare da yawa zai fi son 24-70mm f/2.8L, sai dai na farkon, na 2002, giram 950 ne, kuma abin da ya yi wa wuya nauyi a gida yake kwana. Tamron 28-75mm f/2.8 na 2003 yana ba da wannan hasken a giram 510, da kuɗi kaɗan, idan mutum zai iya haƙura da rashin 24 da rashin hana rawa. A Nikon, mai F100 da D750 zai ji daɗin 24-120mm f/4G VR na 2010. Mai FM2 kuwa 28-105mm f/3.5-4.5D ya fi dacewa da shi. Ƙofarsa ba tsayayya ba ce, amma raguwar ba ta kai rabin haske ba, yana da zobe, ba shi da nauyi, kuma yana matsawa kusa da ƙananan abubuwa kamar zoben yatsa ko zanen lalle.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin son lensin da ba a yawan cirewa. Lokacin hunturu, duk buɗe bakin kyamara gayyatar ƙura ce. A fim, ƙurar da ta sauka a kan hoto ɗaya galibi tana wucewa da shi idan an ja na gaba. A dijital sensa ɗaya ce, ɗigon da ya zauna a kanta zai fito a sararin samaniyar kowane hoto har sai an goge. Zum da ke miƙewa yana komawa shi ma yana shaƙar iska yana fesarwa, don haka roba a gindin lensi, irin wadda 24-105L ke da ita, tana da amfani, haka ma farin gilashin kariya a gaba. Da damina kuma maƙiyin fumfuna ne, mai tsirowa a cikin gilashi idan an kulle lensi a jaka mai laima.

Tunda yawancinmu na hannu muke saye, kada a je kasuwa sai da kyamarorin biyu. A haska fitilar waya ta bayan lensi a leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo kuma yana kashe kaifin launi. A juya shi ƙasa a ga ko yana zamewa da kansa. A ɗauki hoton jarida a manne a bango, a faɗi da tsakiya da ƙarshe, a duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi, alamar ya taɓa faɗuwa. A rage ƙofar haske zuwa f/11 a danna a kowane zango, musamman a 24-105 na farko, wanda siririyar wayar da ke sarrafa ƙofarsa takan karye da tsufa, kyamara ta riƙa nuna Err 01 a wani zangon ta yi shiru a wani. Sannan a ɗaura shi a ta fim, a buɗe murfin bayanta babu fim a ciki, a sa ƙiftawa mai jinkiri, a fuskanci haske a danna, a ga da ido ko ƙofar ta tsuke daidai da lambar da aka zaɓa.